Yaushe zan zuba duka? Amsa ga wani matashin Maradi mai buga gasar poka

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi ɗan shekara 26 da ke zaune a unguwar Zariya, nan Maradi. Na rage tsawonta, amma ban taɓa maganarsa ba. Ga wanda bai san wasan ba: jeto su ne ƙwayoyin da ake wasa da su a teburi, wanda nasa suka ƙare ya fita daga gasar; zubin dole kuwa shi ne jeton da mutum biyu ke sakawa tilas bi da bi kafin a raba karta, ɗaya ƙarami ɗaya babba, kuma da babban ake auna abin da mutum ke da shi.

"Assalamu alaikum Malam. Ina tsaron shagon yayana a babbar kasuwa, kayan salula muke sayarwa. Kusan shekara biyu ke nan ina buga gasar poka a waya, irin wadda ake kira Texas Hold'em. Farkon gasa ba ya ba ni wahala, ina yin nisa. Matsalata ƙarshen wasa ce. In mutane suka ragu, zubin dole ya yi tsada, sai in rasa lokacin da ya kamata in zuba jetona duka. Wata rana ina da abin da ya kai babban zubi 12, na yi ta jiran karta mai kyau har ya koma 3. Na zuba da As da 9, wani ya amsa mini da 7 da 4, ya fitar da ni. Na ce daga yau na daina tsoro. Ranar Lahadin da ta wuce, saura mutum ɗaya ya fita a fara biyan kuɗi, ina da babban zubi 25, sai wanda ya fi kowa jeto a teburin ya zuba duka. Na amsa da As da Sarauniya, ya buɗe 9 biyu, na fita hannu rabbana. Alhali akwai wani a teburin da zubi 2 kacal ya rage masa. Zuwa yanzu na yi asarar kamar jikka 150, a ciki akwai 60 ta shago da yayana bai sani ba. Ina da jikka 400 da nake tarawa don aure bayan babbar sallah. Akwai wata babbar gasa ta yuro 100, ina so in shiga sau biyu ko uku in maido abin da ya tafi. Don Allah kada a ce mini caca ce, wannan wasan ƙwaƙwalwa ne. Abin da nake so a faɗa mini kawai: yaushe ake zuba duka?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ka roƙi kada a ce maka caca ce. Za mu zo wurin, don ba zan karanta wasiƙa irin taka in yi kamar ban ga jikka 60 ɗin nan ba. Sai dai tambayar da ka yi tana da amsa, amsar lissafi ce, ni kuwa lissafi nake koyarwa. Zan ba ka ita cikakkiya, da sharaɗin ka bi ni har ƙarshe, domin lissafin da zai nuna maka lokacin zuba jeto shi ne kuma zai yi magana a kan gasar yuro 100 ɗin da kake hange.

Fara da daina kallon yawan jeton da ke gabanka. Jeto 20,000 ba ya nuna komai sai an san nawa ne zubin dole a lokacin. Mu ce ƙaramin zubi 1,000 ne, babba 2,000, ga kuma ƙarin da ake sakawa a tsakiya kafin rabo, shi ma 2,000. Ke nan tun kowa bai duba kartarsa ba akwai 5,000 a tsakiyar teburi, kuma duk zagayen da rabo zai yi ya dawo kanka, 5,000 za ta fita daga hannunka, ka yi wasa ko ba ka yi ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka san kuɗin hayar shago: wata ya mutu mai shago zai aiko, babu ruwansa da ko an yi ciniki. A gasa kuma hayar tana hawa duk bayan ƴan mintoci. Mai 20,000 a wannan teburin babban zubi 10 gare shi, kuma in ya naɗe hannu zagaye 4 ya rage masa. Wannan ƙidayar zagaye nawa suka saura ita ce Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar poka ta duniya a 1995, ya yayata da sunan M. Ka riƙa yin ta a zuci duk lokacin da zubi ya hau, tun kafin a raba maka karta.

Da zarar ka sauko babban zubi 10 ko ƙasa da haka, kusan hanya biyu ce kawai gare ka: ka zuba duka, ko ka jefar da karta. Ɗan ƙari na 4,000 ko 5,000 ba ya yi maka amfani a nan. In wani ya mayar maka da duka nasa, ko dai ka janye ka bar kwatan dukiyarka a tsakiya, ko ka amsa kana cije baki, kuma ko ta yaya shi ne ya sa ka a tsaka mai wuya maimakon kai ka sa shi. Tsakanin zubi 12 zuwa kamar 20 akwai wata dama ta daban: wani mai yawan ƙari daga kujerun ƙarshe ya ɗaga, kai kuma ka danne shi da duka naka, don yanzu abin da ke tsakiya ya ƙaru da nasa, kuma sau da yawa kartarsa ba ta kai ta amsa ba. In kana sama da 25 ko 30 kuwa, babu abin da ke korarka. Kana da sararin ɗagawa kaɗan, ka ga kartocin da ake buɗe wa kowa a tsakiyar teburi, ka janye in ba su yi maka ba.

Abin da masu jiran karta mai kyau ba su gane ba shi ne, wanda ya fara zubawa hanya biyu gare shi ta cin tsibin tsakiya. Ko kowa ya janye ya kwashe ba tare da an buɗe karta ba, ko a amsa masa kartarsa ta yi nasara. Ta farkon ita ce abincinsa.

Bari in sa maka shi a lamba, da alƙaluman misali. Kana kujerar mai rabo da 20,000, duk waɗanda ke gabanka sun jefar, saura masu zubin dole biyu. Ka zuba duka da karta matsakaiciya. Mu ƙaddara cikin sau 10, sau 6 dukansu sun janye. Ka ci 5,000 sau 6, 30,000 ke nan. Sau 4 mai babban zubi ya amsa, kuma tunda ba ya amsawa sai da abin kirki, mu ce rabonka na nasara kashi 35 cikin 100 ne kawai. Tsibin ya zama 43,000, kashi 35 ɗinsa 15,050 ne, kai kuwa 20,000 ka saka, ke nan a matsakaici kana rasa kusan 5,000 duk lokacin da aka amsa. Sau 4, kusan 20,000. Cire daga 30,000, saura 10,000 a sau goma, wato ribar kusan jeto 1,000 a kowane zubi, da kartar da ta fi faɗuwa in an buɗe. Ka riƙe wata lamba daga wannan misalin, zan neme ta nan gaba: a wannan zubin da yake daidai, kusan sau ɗaya cikin huɗu gasar ta ƙare maka nan take.

Yanzu duba abin da ya faru da kai ranar As da 9. Babban zubi 3, wato 6,000 a misalinmu. Mai babban zubi ya riga ya saka 2,000, 4,000 kawai zai ƙara don ya nemi 11,000 da ke tsakiya. In yana da rabon nasara kashi 27 cikin 100 ya ishe shi. Ko 7 da 2, wadda ake wa kallon mafi munin karta a wasan, tana da kusan kashi 32 a gaban As da Sarki. Mutumin da ya amsa maka da 7 da 4 bai yi hauka ba, daidai ya yi, kuma ko da wace karta ce a hannunsa haka zai yi. Kuskurenka ba a wannan hannun yake ba. Yana cikin hannayen da ka yi ta jefarwa tun kana da 12 har ka sauko 6, lokacin da jetonka ke da nauyin da zai sa mutum ya yi tunani sau biyu. Me kake jira? As biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. A teburin mutum tara, zagaye huɗu rabo 36 ne, damar ganinsu a ciki kusan kashi 15 cikin 100 ce kawai. Tagwayen karta ko wace iri ce ma sau ɗaya ne cikin 17.

Sai kujera. Karta ɗaya ce, amma darajarta tana canzawa da yawan mutanen da ba su yi magana ba a bayanka, don kowane ɗayansu yana iya farkawa da abin da ya fi naka. Da zubi 10, in kai ne na farkon magana da mutum bakwai ko takwas a baya, ka tsaya ga tagwaye, da As mai babbar abokiya, da manyan kartoci biyu masu zane iri ɗaya. In kana kujerar mai rabo kowa ya jefar, ƙofa ta buɗe sosai: kowace As, kowane tagwaye, Sarki da yawancin abokansa, har kartocin da ke bin juna masu zane ɗaya kamar 9 da 8. In kai ne ƙaramin zubi, saura mutum ɗaya tak, fiye da rabin kartocin da za a raba maka sun isa. Ka kuma dubi wa ke bayan naka. Mai tsibi guda da ba ya jin ciwon 20,000 zai amsa da sauƙi. Wanda zubi 2 ya rage masa dole ya amsa. Mai matsakaicin jeto, wanda ke da abin rasawa, shi ne ke janyewa, don haka shi ake nema.

Duk wannan maganar mai fara zubawa ce. Amsa zubin wani kuwa wani abu ne daban, kuma nan ne ranar Lahadi ta kama ka. Mai amsawa hanya ɗaya ce gare shi, dole kartarsa ta ci. Babu wanda zai janye masa, wancan ya riga ya zuba. Shi ya sa kartar da ta isa ka fara zubawa da ita sau da yawa ba ta isa ka amsa da ita ba. A bakin ƙofar kuɗi kuma, wato lokacin da saura kaɗan a fara biyan waɗanda suka rage, ratar tana ƙara faɗi, saboda jeton da za ka ci bai kai darajar wanda za ka rasa ba.

Wannan wurin na fi so ka natsu. Ka ɗauki ƙaramar gasa, saura mutum huɗu, jetonsu daidai wa daida, uku za a biya: na ɗaya jikka 50, na biyu 30, na uku 20, na huɗu ya tafi haka nan. A wannan lokacin kujerar kowa ta kai darajar jikka 25. Wani ya zuba duka, ka amsa. In ka faɗi, 25 ɗinka ta zama sifiri. In ka ci, jetonka ya ninka, rabin na gasar duka yana gabanka, amma darajar kujerarka ba ta zama 50 ba, tunda har yanzu ba ka ci gasar ba. Rabi ne damarka ta zama na ɗaya, ɗaya cikin uku na biyu, ɗaya cikin shida na uku. Haɗa su, jikka 38 da ɗan ɗoriya. Ka sa 25 a haɗari don ka ƙaru da 13. Kafin wannan ya zama ciniki mai kyau, sai rabonka na nasara ya kai kashi 65 cikin 100. As da Sarki, kartar da samari ke tsalle in sun gani, kusan kashi 65 take da shi a gaban kartar da aka zaro da ka, balle a gaban wanda ya zaɓi tasa. Sauran jikka 12 ɗin da suka ɓace a lissafin kuwa, mutum biyun da suka naɗe hannu suna kallo su suka raba ta.

Wannan hanyar auna darajar jeto da kuɗi ita ƴan wasa ke kira ICM. Asalin lissafin ma ba na karta ba ne, wani masanin ƙididdiga mai suna David Harville ne ya fitar da shi a 1973 don tseren dawaki, daga baya aka ɗauko shi zuwa poka. Masu cika takardar PMU ta cacar tseren dawaki a bakin titi da kai, ashe kakanku ɗaya a lissafi.

To As da Sarauniya a gaban 9 biyu kusan kashi 45 ne cikin 100. Za ka ce ba ka san 9 biyu ne a hannunsa ba, gaskiya ne. Amma ka san kana da zubi 25, babu abin da ke korarka. Ka san akwai mai zubi 2 da zagaye ɗaya zai cinye shi. Ka san mai tsibin nan shi kaɗai ne a teburin da in ka faɗi a hannunsa ka fita gaba ɗaya. Waɗannan uku sun isa ka jefar, ko da kana zargin yana matsa muku ne kawai. Kuma matsa muku ɗin yake yi, aikinsa ke nan. Duk wanda ya sami kansa da tsibi mafi girma a bakin ƙofar kuɗi, masu matsakaicin jeto zai riƙa dannewa, don ya san ba su da halin amsawa. A babbar gasa mai ɗaruruwan mutane, inda ƙaramin kyautar farko ba ta taka kara ta karya ba in an gwada ta da ta na ɗaya, matsin bai kai na misalin mutum huɗu tsanani ba, kuma wanda ya ƙanƙame jetonsa fiye da kima don ya tsira da ɗan abin da ya saka shi ma yana cutar kansa. Amma amsa zubi 25 da As da Sarauniya, ana saura mutum ɗaya, bai shiga wannan rangwamen ba. A irin gasar da kyautarta tikitin wata gasa ce, kowa daidai, har akwai inda jefar da As biyu shi ne daidai.

Wani abu ƙarami da na Turai ba sa sakawa a lissafinsu: reso da wuta. In waya ta yanke ana tsakiyar hannu, na'ura jefar maka da karta take yi in lokacinka ya cika, zubin dole kuma yana ci gaba da cin jetonka kana can kana ɗaga salula sama a tsakar gida.

Yanzu ka koma ka karanta jimlar da ka rubuta tsakanin labarin nan biyu: "Na ce daga yau na daina tsoro." Ba kartar ranar Lahadi ce ta yanke maka shawara ba, haushin ranar 7 da 4 ne. Ka zauna teburi da niyyar rama abin da ya wuce, sai ka amsa a wurin da lissafi ya ce ka janye. Gasar yuro 100 ɗin nan da kake shirin shiga sau biyu ko uku, ita ma haka take, sai dai wannan karon ba jeto ne a gabanka ba, kuɗin aurenka ne.

Mu auna ta da ma'aunin da muka auna sauran. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ke nan shiga ɗaya ta kusa jikka 66, uku kuwa kusan jikka 197, rabin abin da ka tara. A irin waɗannan gasa yawanci kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne ke samun wani abu, sauran su tafi da babu. In ka shiga sau uku a matsayin matsakaicin ɗan wasa, damar ka fita duka ukun ba ko dala ta haura kashi 60 cikin 100. In ma ka tsallake ƙofar, kyautar farko ba ta cika wuce ninki biyu na kuɗin shiga ba, ba za ta rufe ko abin da ka kashe a ranar ba, balle jikka 150 ta baya. Manyan kuɗin suna wurin mutum ƙalilan na teburin ƙarshe. Kafin ka kai can kuwa, sai ka tsallake zubin duka ba ɗaya ba ba biyu ba. Ka tuna lambar da na ce ka riƙe, zubin da yake daidai yana fitar da kai sau ɗaya cikin huɗu. Ko As biyu a gaban Sarki biyu, wanda ya fi kowane yanayi daɗi, kusan kashi 82 ne. Ka tsallake irinsa sau uku a jere, ya sauko 55. Sau biyar, 37. Wannan fa ga mai sa'ar da ake raba wa As biyu kullum ke nan.

Saboda haka ne waɗanda suka mai da wasan sana'a suke da ƙa'idar da ba sa wasa da ita: ba ka shiga irin wannan gasa sai kuɗin da ka ware wa wasa sun ninka kuɗin shiga sau 100 ko fiye, don sun san ƙwararre ma yana iya jera gasa da dama bai ga komai ba. A gasar yuro 100, maganar sefa miliyan 6 da rabi ake yi, kuma kuɗin da in sun ƙone ba za a fasa cin tuwo a gida ba. Kai kana da shiga shida, na sadaki da lefe. Ga kuma kason masu shafin, galibi kusan kashi 10 cikin 100 na kowane kuɗin shiga, wanda suke ɗauka tun ba a raba karta ba. Su kaɗai ne a harkar da ba sa jiran sa'a. Waɗanda za ka tarar a wannan matakin kuma ba abokan fada ba ne. Da yawansu wannan ne aikinsu safe da yamma, a gaban kwamfuta, da manhajojin da suka haddace musu duk lissafin da na yi maka a sama har da wanda ya fi shi.

Na san labarin da ake bayarwa. A 2003 wani akawu daga jihar Tennessee ta Amurka, Chris Moneymaker, ya sami tikiti ta ƙaramar gasar intanet, ya je Las Vegas ya ci babbar gasar duniya, dalar Amurka miliyan 2 da rabi. Gaskiya ne, ya faru. Mutum 839 ne suka shiga a shekarar, kujerar kowa dalar Amurka 10,000, kuma mafi yawansu sun koma gida babu ko sisi. Sunan mutum ɗaya ake ta faɗa sama da shekara ashirin.

Ka ce wasan ƙwaƙwalwa ne. Akwai ƙwarewa a ciki, da babu da ban cika maka shafi da lissafi ba. Amma ƙwarewa ba ta cire shi daga abin da yake: mutane sun tara kuɗi, faɗuwar karta ta yanke wa zai kwashe na wa. Fatawa ta malamai ce, ga su nan birjik a garin nan, ka je ka tambayi wanda ka yarda da shi, ka kuma faɗa masa yadda wasan yake ba tare da ka yi masa kwaskwarima ba. Ni dai abin da kowane ɗan makarantar allo ya sani zan tuna maka. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta cewa akwai wani amfani a giya da caca ba, cewa ta yi zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Aya ta 90 da ta 91 a Ma'ida kuma suka ce a nisance su, suka ambaci abin da suke haifarwa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Gasar daren Lahadi da ke kaiwa tsakar dare, kai ka san yadda asubarka ta Litinin take. Gabar kuwa tana nan tafe ranar da yayanka zai zauna ƙidayar kaya.

Ko an ajiye maganar addini gefe, littafinka da kanka ya isa shaida. Shekara biyu, jikka 150 a ƙasa. Kuma abu uku da ke cikin wasiƙarka, bin asara don a maido ta, ɓoye wa na kusa, da taɓa kuɗin da ba naka ba, suna cikin alamomin da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtukan da ta amince da su, kusa da shaye-shaye. Ban ce ka kai can ba. Na ce kana kan hanyar, kuma mai hankali irinka, wanda ke iya tuna zubi nawa ya rage wa maƙwabcinsa a teburi, ya fi saurin yaudarar kansa, don kullum yana da bayanin da zai ba wa kowace asara.

Kada ka shiga gasar nan. Ka cire jikka 60 daga cikin 400 a wannan makon ka mayar wa yayanka, hannu da hannu, ba a ɓoye cikin aljihun teburin shago ba. Sauran 340 su bar wayarka. Kuɗin da ke nesa da kai da danna maɓalli biyu ba ajiya ba ne ga mai irin halin da kake ciki. Ka damƙa wa mahaifiyarku, ko ka sa a sayo maka raguna a ɗaure a gida zuwa layya, tunda auren bayan sallah ne. Yawancin shafukan nan suna da wurin da mutum ke rufe asusunsa da kansa na watanni ko har abada, ka neme shi ka danna, ka kuma raba asusun kuɗin wayarka da su. In lissafin wasan ne ke burge ka, akwai teburan da ake bugawa da jeton banza, ba ko dala a ciki. Sai dai ka lura da kanka: in ka ga na banzan ba ya yi maka daɗi sam, to ba ƙwaƙwalwar kake nema a wasan ba. In kuma ka rufe ka sake buɗewa, ka rufe ka sake buɗewa, kada ka tsaya jin kunya, ka je asibiti ka nemi ganin likitan da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ka tafi da wani naka.

Maganar yayanka ita ce mai nauyi, na sani. Kada ka yi ta a kasuwa gaban yara da abokan ciniki. Ka same shi a gida bayan isha'i, da kuɗin a hannunka da takardar da ka rubuta ranakun da ka ɗauka da adadinsu. Ka fara da ajiye kuɗin, sannan ka ce, "Yaya, na ci amanarka, ga abin da na ɗauka, ga inda na kai shi." Kada ka kawo masa labarin 9 biyu, kada ka ce ai da saura kaɗan. Zai yi faɗa, wataƙila ya karɓe makullin shago na wani lokaci, wataƙila maganar ta kai kunnen tsofaffi. Ka bar shi ya yi. Ka roƙe shi abu ɗaya, daga nan zuwa ɗaurin aure shi ya riƙa rufe lissafin shago kowace yamma, kana tsaye.